Kunnen Da Na Baro a Sharaɗa

Duk mai son magana da ni sai ya tsaya a gabana, inda zan ga bakinsa. In ka tsaya ta bayana, ko ashar kake ɗura mini, ka yi asarar yawunka. Maƙwabtana a Fanshekara sun ɗauka haka aka haife ni. Ba haka aka haife ni ba. Ni ɗan makaɗi ne, jikan makaɗi, kuma a gidanmu kunne shi ne gado. Ba mu da gonar kirki, ba mu da shanu. Gangar noma muke da ita, da kunnen da ake jin ta da shi.

Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, can cikin Nijar. In an kira gayya, majiya ƙarfi sun taru za su nome gonar mutum ɗaya, mahaifina Makaɗa Barmo ne ke rataya ganga ya bi manoma, ƙanensa Baffa Tanko yana amsa masa da kazagi, ƙaramar gangar da ke raka babbar. Kowane manomi da takensa, kiɗan da in an buga kowa ya san da wa ake. Manomi na ɗaga hauya ya yi kirari, makaɗi zai amsa masa da takensa nan take, ko daga wane ƙarshen gona ya yi. Tun ban kai tsawon gangar ba Baba ke sa ni in rufe ido in faɗi taken wa ya buga. Ni ma ya yi mini nawa, ɗan gajere, wanda yake kirana da shi in na yi nisa wajen wasa. Kullum maganarsa guda: "Isuhu, hannu kowa ana iya koya masa. Kunnen nan naka shi nake jira ya karɓe ni."

Sai fari ya zo. Ruwa ya ɗauke shekara bayan shekara, gero ya riƙa bushewa tun yana tsiro, kuma wanda ba shi da abin nomewa ba ya kiran makaɗi. Aka rataye ganga a zaure. Na ce zan je Kano ci-rani, in an yi ruwa in dawo in karɓi Baba. Alkawarin ke nan, ba wani ba.

Motar kanwa ce ta sauke ni a Dakata, lokacin da naira ta shigo sabuwa, Kanawa da kansu suna rikicewa tsakaninta da fam, balle ni. Ina tsaye da ƙunshina a ka, baki sake, ina kallon manyan motoci, sai wani mai farar riga da biro a aljihu ya dafa ni ya gaishe ni da irin harshenmu na gida. Ya ce shi ma Badamagare ne, har ya ambaci kasuwannin da na sani. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ya ce akwai aiki a wani sito, amma manaja ba ya son a shigar masa ofis da kaya, in ba shi ƙunshin ya riƙe mini, in shiga in ce shi ya turo ni. Na shiga. Mai gadi ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko mutumin yana da biro a aljihu. Na ce e. Ya ce, "To, Allah ya mayar maka da alheri. Kai ne rabonsa na yau." Cikin ƙunshin akwai bargon da Inna ta zo da shi gidan Baba, ta cire daga kan gadonta ta ba ni.

Na yi dako a Dakata har kafaɗata ta yi kanta. Makwancinmu ƙarƙashin tirela, in direba mai imani ne ya tashe mu kafin ya tayar da mota. Abin da ya hana ni zaucewa kunnena ne. Duk abin da ke motsi a Kano kiɗa yake yi mini: injin mota, guduma a garejin kanikawa, nishin 'yan dako in suna jere da buhuna. Ran nan muna hutawa na shagala, na shiga taɓa wani tsohon duro da yatsu. Wani a cikinmu ya ce, "Kai jama'a, ashe maroƙi muka samu! Yi mana mu ba ka kwabo." Suka tuntsire da dariya, wani ya jefo mini ɓawon gyaɗa a madadin kari. A garinmu Sarkin Noma da kansa yake takowa ƙofar gidanmu ya yi sallama da Baba. Daga ranar, duk wanda ya tambaye ni sana'ar gidanmu sai in ce noma.

Da na gaji da dako na koma Bompai, inda aka ce kamfanoni sun fi gidaje yawa. Aikin Bompai na farko shi ne tsayuwa. Ku taru a bakin get tun da sassafe, heluma, wato shugaban leburori, ya fito ya nuna da yatsa: kai, kai, da kai. Sauran ku kama gabanku. Ni ba dogo ba, ba ƙaƙƙarfa ba, in kuma na buɗe baki na ce "na taho" da irin namu lafazin sai a san daga inda na fito. Yatsan nan ya sha wucewa ta kaina kamar ba mutum a wurin. Akwai wata mai sayar da shinkafa da wake a gindin katanga, Gwaggo Asabe, mai faɗa kamar ta ari baki. Ta lura ni kaɗai nake zama nesa in ana cin abinci, ina yi kamar ina gyara takalmi. Rannan ta ƙwala mini kira: "Kai Badamagare! Zo ka kankare mini tukunyar nan, hannuna ciwo yake." Na je na tarar da ƙanzo mai kauri, ta kwarara masa mai, ta barbaɗa yaji. Hannun nata bai warke ba har na bar Bompai. Ban taɓa gode mata yadda ya kamata ba, don in ka fara godiya sai ta kore ka da ludayi.

A Challawa na sami aikin da ake kira aiki, a wani kamfanin jima. Mu ne masu jawo jiƙaƙƙun fatu daga ramin magani mu loda a amalanke. Warin wurin ba ya wankuwa. Na kama ɗaki da wasu a Fanshekara, kuma in na shiga sahu a masallaci sai in ga an bar ɗan fili dama da hagu. Ban ga laifinsu ba, amma abin ya ci mini rai.

Fatun awaki kuwa ga su nan tsibi-tsibi, irin waɗanda Baba zai yi kasuwa uku yana nema bai samu ba. Wata rana na wuce inda ake shanya su a ɗaure, na kai wa wata ɗan yatsa ba da niyya ba. Ta amsa. Muryar gangar gidanmu sak. Na zagaya bayan shago na tsuguna na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa. Da na share ido na dubi hannuwana, sai tsoro ya kama ni. Maganin ramin ya tsattsage su, farce ya fara zubewa, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa da safe. Na ce in na ƙara damina a nan, da me zan riƙe gula, sandar kiɗa, in kaɗa ganga? Don in tsirar da hannuna na bar Challawa. In na tuna wannan wayon nawa, har yau dariyar baƙin ciki nake yi.

Wanda ya fitar da ni shi ne Malam Sule, wani dattijo da shi kaɗai yake matsowa ya haɗa kafaɗa da ni a sahu. Na ɗauka tsoron Allah ne zalla, sai daga baya ya ce mini, "Ɗana, hancina ƙurar auduga ta toshe shi tuntuni. Ko mushe ne kai ba zan sani ba." Asalinsa ɗan Sharaɗa ne, manomi, kuma masaƙar da yake aiki a kan gonar gidansu aka gina ta. Yakan ce daidai inda injinsa yake, nan kukar kakansa take a da. In yana magana da ƙarfi yake yi, idonsa a kan bakinka. Na ɗauka ɗabi'ar Kanawa ce. Shi ya kama hannuna ya kai ni wajen helumansu, wani mai suna Garba, ya ce ni ɗan ƙanensa ne daga ƙauye. Lafazina bai bar ƙaryar ta daɗe ba, amma na riga na shiga.

Ranar da aka buɗe mini ƙofar ɗakin saƙa na ɗauka rufin ne yake rushewa. Injina jere har inda ido ya tsaya, kowanne yana jifa da ƙoshiya, sandar nan mai ɗauke da zare, daga wannan gefe zuwa wancan, da ƙarar da ke shiga har cikin haƙori. Malam Sule ya tsinci auduga daga ƙasa, ya mulmula, ya cusa mini a kunnuwa da hannunsa. Ya nuna kunnena, ya kaɗa mini yatsa. A cikin ɗakin nan ba a magana da murya, baki ake karantawa. Masaƙa biyu za su yi gulmar heluma daga wannan bango zuwa wancan, su yi dariya, ba wanda ya ji komai. Malam Sule ya koya mini da tsokana. Ya tsaya nesa ya motsa baki ya ce Damagarawa sun ga jirgin ƙasa sun shimfiɗa masa tabarma, in na harare shi sai ya san na gane. Kafin a jima na fi wasu tsofaffin iyawa.

Amma audugar nan ta dame ni. In tana kunnena sai in ji kamar an binne ni da rai. Ran nan na zare ta gefe ɗaya don in sosa, sai na tsaya cak. Abin da kowa ke kira ƙara, ni kiɗa na ji. Kowane inji da nasa taken. Wannan mai sauri ne kamar saurayi a farkon kunyar noma, wancan mai nauyi, na Malam Sule yana da 'yar gardama a tsakiya. Tun da na baro gida ban ji abin da ya cika mini ƙirji haka ba. Na zare ɗayar ma.

Ba a daɗe ba na ji wani inji a layin baya yana ɗingishi, bugu ɗaya yana makara kaɗan. Na je na gaya wa heluma Garba. Ya dube ni kamar mahaukaci, amma ya sa aka tsayar. Bakanike ya duba ya ga wani maɗauri ya kusa tsinkewa. In ya tsinke ƙoshiya fita take yi kamar kibiya, ta sha cire wa mutane ido. Da aka tashi, Garba ya ja ni waje ya saya mini lemo, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Yaro, me kake yi a garinku?"

Na ce noma.

"To, manomi, kana da kunne. Ka san ana neman mataimakin bakanike? Kaki za a ba ka, da sifana a aljihu, ba ruwanka da tsayuwa kan inji. Ni zan kai sunanka wajen manaja da kaina. Kai dai ka riƙa zagayawa kana saurara mini, duk wanda ka ji zai ba da matsala ka gaya mini. Ni kaɗai, ka ji ko? Kuma ka rabu da audugar nan, ta ragwaye ce."

In na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya. Tun da na sa ƙafa a Kano kafaɗata ake so, ko bayana, ko hannuna. Ranar ce aka fara neman abin da Baba ya ce shi ne ni. Na shiga zagaya layuka da kunne buɗe, safe da yamma, har da ƙarin lokaci. Sashen Garba ya daina ɓata yadi, manaja ya yaba masa, ya sayi sabon babur.

Malam Sule bai yaba ba. Daga kan injinsa yake motsa mini baki: "Mayar da audugar nan." In yi kamar ban gani ba. Wata Lahadi ya same ni a ƙofar ɗaki, ya zauna, ya ce, "Isuhu, ka san rabona da jin saukar ruwa a kan kwano? Jikata tana yi mini waƙa, sai dai in ga bakinta in gyaɗa kai. Kuma ni da auduga na yi aikin. Kai da me kake taƙama?" Na ba shi haƙuri, na ce zan mayar. A raina kuwa cewa na yi, kunnen Malam Sule kunnen manomi ne, bai saba ba. Nawa kunnen makaɗi ne, a gindin ganga aka yaye ni, ƙara abincinsa ce. Da wannan tunanin na kashe kaina, kuma ba mai yin irinsa sai ɗan makaɗi.

Da fari in an tashi aiki sai in ji gyare na kuka a cikin kaina, kafin in isa Fanshekara ya yi shiru. Daga baya ya koma kwana da ni, sai ranar Lahadi yake sakina. Daga baya Lahadin ma ya riƙe. Ana cikin haka ruwa ya dawo a gida. 'Yan ci-rani suka riƙa kawo mini saƙo cewa an yi shuka, Baba yana tambaya. Ni kuwa in ce su gaya masa ina nan tafe, bari in karɓi kakin nan tukuna, in je gida a matsayin wani abu. Damina ta wuce, wata ta bi ta, ina jiran kaki.

Ranar da na ga kakin, a jikin ƙanen matar Garba na gan shi, wani ɗan makaranta mai tsaga a gashi. Na tare Garba a bakin get. Bai ko kashe babur ba. Ya ce, "Haba Isuhu, kai ma ka yi wa kanka adalci mana. Ba ka da takarda, kuma ba ɗan ƙasa ba ne kai. In shiga ofis in ce wa manaja me? In ce kana da kunne?" Abin da ya fi maganar ciwo, a bakinsa na karanta ta. Yana gabana, a fili, ba inji ko ɗaya, amma muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Ba a jima ba wani inji ya watsar da ƙoshiya ina tsaye kusa da shi, ban ji zuwanta ba. Allah ya kiyaye, bango ta samu. Garba ya zo ya dubi yadin da ya lalace, ya dube ni, ya tsinci auduga a ƙasa ya miƙo mini. Ya ce in koma kan injina.

A daminar da ta biyo ne wani mai fataucin raguna daga garinmu ya nemo ni har Fanshekara. Ya ce hannun Baba na dama ya shanye, ba ya iya ɗaga gula. Ya ce Sarkin Noma zai kira babbar gayya, irin wadda ba a yi ba tun kafin fari, kuma Baba ya ce ba za a ɗauko makaɗi daga wani gari ba yana da ɗa a duniya. Na ce wa kaina ƙarar injin ce ta cushe mini kunne, in na sha iskar gida zai buɗe. Na sayi yadi mai kyau daga na kamfaninmu, na Baba da na Inna, na hau mota.

Ba wanda ya gane. Sharaɗa ta koya mini abin da zan ɓoye da shi. Kowa ya yi magana in dubi bakinsa in ba shi amsa daidai. Sai dai a wurinmu ɗa ba ya kallon fuskar ubansa in yana magana, ƙasa yake kallo. Ni kuwa in na sunkuyar da kai Baba ya ɓace mini. Na durƙusa gabansa a zaure idona ƙur a kan leɓɓansa. Ya yi magana, ya tsaya, ya ce, "Me kake nema a bakina?" Na ce kewa ce, Baba. Inna ta ce daga baya, "Kano ta koya maka tsaurin ido." Na yi dariya. Da tsaurin idon ne da na gode Allah.

Ranar gayya an kwana ana ruwa, gari ya waye da laima, fatar ganga ta saki. Na gasa ta a wutar kara, ina danna ta da babban yatsa don in gane ko ta yi, abin da makaɗi ke ganewa da bugu ɗaya. Baffa Tanko ya dube ni, ya kawar da kai. Baba yana zaune a gindin gawo a bakin gona, sanye da sabuwar rigar da aka ɗinka masa da yadina, hannun nan a kan cinya.

Da na rataya gangar na kai mata gula, na ji ta a haƙarƙarina, na ji ta a tafin ƙafata. Hannuna bai manta komai ba, hannun da na tsirar daga Challawa. Samari suka zuba cikin kunyoyi, ni ina biye da su ina kallo. Duk wanda na ga ya ɗaga hauya ya buɗe baki, in sakar masa takensa, in ga ya duƙa yana cin ƙasa kamar ba gobe. Mata suna guɗa, ina ganin hannuwansu a hanci. Na ce ashe zan iya. Na ce ashe ido ma ya isa. Rabona da farin ciki irin na wannan hantsin tun ina yaro.

Abin da na manta shi ne al'adar Sarkin Noma. Ba ya shiga tare da samari. Sai sun yi nisa yake shigowa ta baya, daga inda aka fara, ya yi kirarinsa, makaɗi ya bar kowa ya juyo ya amsa masa, sannan ya bi su ya wuce su, don a san har yanzu shi ne. Lokacin da ya shigo ni na ba shi baya, ina kaɗa wa wani saurayi Ɗanladi, wanda duk gari an san yana hangen sarautar. Sarkin Noma ya ɗaga hauya ya yi kirari. Ina kan taken Ɗanladi. Ya sake, ya kuma sakewa, dattijo da furfurarsa, hauya a sama, gaban duk garin. Na ga samari suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna kallon bayana. Na ɗauka gajiya ce, sai na ƙara wa gangar wuta. Kazagin Baffa ya daɗe da yin shiru, ban sani ba.

Sauran Baffa ne ya ba ni labari. Ya ce Baba ya tashi daga gindin gawo, ya tako cikin taɓo har inda muke. Ya karɓi gula a hannun Baffa da hannunsa na hagu, ya tsaya daidai ƙeyata, ya buga takena a kan kazagi. Ɗan gajeren nan da yake kirana da shi daga wajen wasa. Ya buga, ya jira. Ya sake bugawa. Ban waiwaya ba.

Ni abin da na sani, hannu na ji a kan maratayin ganga. Na juya na ga Baba, na ga Sarkin Noma can baya ya sauke hauya, na ga garinmu gaba ɗaya a tsaye. Nan take na gane.

Bakin Baba ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "An daɗe, Baba." Ina jin da ƙarfi na faɗa, don na ga mata sun zabura.

Ya dubi rigar jikinsa, ya kama bakinta ya murza. Ya ce, "Yadi ka kawo mini." Sannan ya zare maratayin daga kafaɗata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar gangar noma, sai ya ja ta, gindinta yana shatar ƙasa. Ya juya ya nufi gari. Yana tafiya yana magana. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi ta gefe, na ga Baffa ya sunkuyar da kai, na ga wata tsohuwa ta rufe baki da gefen zane. Magana ce mai tsawo, bai daina ba har ya fita daga gonar. Na so in ruga in sha gabansa in ga bakinsa. Amma ban bi shi ba.

Na tambayi Inna me ya ce. Ta ce, "Addu'a ya yi maka," amma tukunya take kallo. Na tambayi Baffa, ya ce, "Bar shi, zafin rai ne, ba har zuci ba." Amsoshin nan biyu ba sa zama a tabarma ɗaya. Baba kuwa bai kore ni ba, bai yi mini faɗa ba. In na shiga gaishe shi yakan amsa, amma kansa a sunkuye, ko fuskarsa wajen bango. Ko fushi ne, ko ba ya iya kallona ne, ban sani ba. Ni kuma na kasa cewa, Baba ɗago in ga bakinka. Kafin a yi girbi na koma Kano. Da rani aka aiko ya rasu. Gangar, wasu makaɗa na wani gari aka ba.

Sharaɗa ta karɓe ni ba tambaya. A duk duniya ɗakin saƙa ne kaɗai inda kurma yake daidai da kowa. Malam Sule ya gan ni, ya dubi fuskata, bai ce ai na gaya maka ba, ya dai matsa mini wuri a benci. Na ci gaba da cusa auduga a kunnen da ba abin da ya rage a tsare masa. Bayan ya bar aiki ni na gaje shi wajen tarar sababbi a bakin ƙofa, in mulmula in cusa musu da hannuna. Wasu su bari, wasu su zare in na juya.

Na yi shekaru a ɗakin nan, har ta kai ba bakin da ba na karantawa, ko na mai gemu, ko na mai cin goro, ko daga wancan bangon ne. Baki ɗaya ne na so in karanta a rayuwata, shi kuma ƙeya ya ba ni. Allah ya jiƙan Makaɗa Barmo. In albarka ya sa mini ranar, ban ji ba, ban ce amin ba. In baki ya yi mini, ban ji ba, ban nemi gafara ba.